Farantin juyin juya hali: kafin a sayar, a kifa shi a duba bayansa

 

Tun da aka rufe gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya a ƙarshen watan Yulin 2023, jarin mutane da dama ya karye a wannan yanki namu. Kowa kuwa ya san abin da kan biyo bayan karyewar jari: a fara leƙa ɗaki a ga me za a ɗaga. Yau akuya, gobe keken ɗinki, jibi kwanukan jeren da tsohuwa ta rasu ta bari. Ɗan gwangwan ba ya tambayar tarihin kaya, sikeli yake ɗorawa ya faɗi kuɗin kilo. Shi ya sa wannan makon nake so mu yi zancen wani faranti na ƙasar Rasha da yadda ya zama abin nema a duniya, daga nan mu dawo gida mu duba irin namu da ke jibge a ɗakunan iyayenmu mata.

A birnin Saint Petersburg akwai wata masana'antar tangaran, wato abin da kakanninmu ke kira faɗi-ka-mutu, wadda aka kafa tun 1744. Ta gidan sarauta ce. Aikinta ta yi wa Sarkin Rasha da fadarsa farantai da kofuna da butocin shayi, kuma kowane ɗaya sai an sa masa tambarin sarkin da ke kan gado a bayansa kafin a gama gasa shi. A farkon 1917 aka tumɓuke Sarki Nicholas na Biyu, kafin shekarar ta ƙare kuma Lenin da jam'iyyarsa ta Bolshevik suka karɓe mulki. Da sabbin masu mulki suka shiga masana'antar, sai suka tarar da ɗakunan ajiya cike da fararen farantai da aka riga aka gasa, ba a kai ga yi musu zane ba.

A lokacin ƙasar na cikin yaƙin basasa, takarda ta yi wuya, talakawa da yawa kuma ba su iya karatu ba. Sai aka ga ai ga allo nan a hannu. A 1918 aka ɗora wani gwanin zane mai suna Sergei Chekhonin a kan sashen ado na masana'antar, ya tara masu zane maza da mata, suka shiga rubuta taken sabuwar gwamnati a jikin farantan sarki: guduma da lauje, jan tauraro, zangarniyar alkama, leburan masana'anta da manomi riƙe da hannun juna. Akwai wani sananne da Mikhail Adamovich ya zana a 1921, mai hoton Lenin da katin rabon abinci, da taken nan nasu na cewa wanda bai yi aiki ba ba shi da rabo a tukunya. A shekarar ce kuma yunwa ta afka wa yankin kogin Volga ta kashe miliyoyin mutane, har masana'antar ta yi wasu farantai na musamman don a sayar a taimaka wa waɗanda abin ya shafa.

To ga inda gizo ke saƙar. Da hannu ake zana kowane faranti, ɗaya bayan ɗaya, don haka ba su da yawa kuma suna da tsada. Leburan da aka zana hotonsa a jiki, wanda ke kwana a layin burodi, ina ya ga kuɗin saye? Gwamnatin kuwa tana matuƙar buƙatar kuɗin waje. Sai aka riƙa kwasar farantan ana kai su baje-koli a Turai, har da babban baje-kolin Paris na 1925, masu hannu da shuni na saye suna jerawa a kabad. Farantin da aka yi don a zagi attajiri, a gidan attajiri ya ƙare. Shi kansa Chekhonin a 1928 ya tattara ya koma Faransa.

Abin da ya fi jan hankalin masu tara irin waɗannan kaya ba a fuskar farantin yake ba, a bayansa yake. Tambarin sarki yana ƙarƙashin sheƙin tangaran ɗin, wuta ta riga ta kama shi, ba ya kankaruwa. Sai masu zanen suka riƙa rufe shi da ɗigon fenti, su zana guduma da lauje da shekara a gefe. Daga baya ma aka daina wahalar rufewa, aka bar tambarin biyu suna kallon juna. Ka kifa faranti ɗaya, ka ga sarkin da aka hamɓarar da gwamnatin da ta hamɓarar da shi a wuri guda. Ita ma wannan gwamnati ta Tarayyar Sobiyet ta rushe a ƙarshen 1991, kuma a 2005 masana'antar ta dawo da tsohon sunanta na sarauta. Yau irin waɗannan farantai suna manyan gidajen tarihi na Rasha da Ingila, kuma idan na ainihi ya fito a gidajen gwanjo irin su Christie's da Sotheby's, dubban fam na Ingila ake zubewa a kansa.

'Yan uwanmu masu zuwa sarin kaya Guangzhou da Yiwu sun san irin wannan a ƙasar Sin. Daga 1966 zuwa 1976, zamanin da Mao ya kira juyin juya halin al'adu, garin Jingdezhen da ya shahara da tangaran ya yi ta fitar da farantai da kofuna da 'yan mutum-mutumi masu hoton Mao da jajayen tutoci. Su an yi su da yawa ƙwarai, don haka mafi yawansu ba su da wani farashi na a zo a gani. Waɗanda suka yi tsada su ne ƙalilan, kamar wani saiti da aka yi a 1975 don amfanin Mao shi kansa, wanda masu harkar ke kira 7501. Sauran da kuke gani shaƙe da kasuwannin tsofaffin kaya a can, da yawansu jiya-jiya aka gasa su aka shafa musu datti.

Yanzu mu dawo gida. Wani zai ce, yo mu ina ruwanmu da juyin juya hali? Ai a cikinsa aka haifi da yawanmu. Ranar 26 ga Oktoban 1972 Mathieu Kereku ya karɓi mulki a Dahome. Ranar 30 ga Nuwamban 1974 ya ce ƙasar ta rungumi aƙidar Marx da Lenin, bayan shekara guda cif kuma aka sauya mata suna ta koma Jamhuriyar Jama'ar Benin, aka sauke tsohuwar tuta aka ɗaga koriya mai jan tauraro a kusurwa. Jam'iyya ɗaya ce, PRPB. Jaridar gwamnati sunanta Ehuzu. Manya da yara kowa “kamarad” ne, kuma har gobe in an ce “delege” a ƙauyukanmu kowa ya san wa ake nufi. Duk wanda ya sauka Kwatano ya san shataletalen Etoile Rouge, wato jan tauraro. Wannan zamanin ne ya bar shi. Tafiyar ta zo ƙarshe ne bayan bankunan gwamnati sun durƙushe, albashi ya gagara, aka yi watsi da aƙidar a Disamban 1989, aka zauna babban taron ƙasa a Fabrairun 1990, tsohuwar tuta ta dawo ranar 1 ga Agustan wannan shekara.

Benin ba ta da masana'antar tangaran irin ta Rasha. Tata farfagandar a jikin atamfa aka buga ta, da kan sarki na wasiƙa, da kalanda, da bajon ƙirji, da littattafan makaranta, da kan takardun hukuma. Mai takardar haihuwa ko shaidar gama firamare ta tsakanin 1975 da 1990, ya ɗauko ya duba samanta, zai ga sunan ƙasar da babu ita yanzu. Wannan shi ne namu tambarin na bayan faranti.

Ƙetaren kogi ma haka abin yake. A Nijar an yi zamanin giwar RDA ta Diori Hamani da raƙumin Sawaba ta Djibo Bakary. An haramta Sawaba a 1959, kuma a shekarun da suka biyo baya ajiye katinta ko wani abu mai alamarta na iya jefa mutum cikin masifa, don haka mutane suka ƙona, suka binne. Abin da ya tsira kaɗan ne, kuma ƙarancin nan shi ke ba shi daraja. Sannan aka yi zamanin Seyni Kountche daga 1974 zuwa 1987 da Samariyarsa. A Najeriya kuwa ga fartanyar NPC ta Sardauna, ga tauraron NEPU na Malam Aminu Kano, daga baya ga mabuɗin PRP da gida da masarar NPN. Duk waɗannan alamu sun hau zane da hula da kati.

Sai kuma kwano. Mu Hausawa ba mu jira Turawa sun koya mana tara faranti ba. Jeren amarya fa? Langa da samira da fanteka da kumbo, a jera su tun daga ƙasa har kusa da rufi, ba don a ci tuwo a ciki ba, don a gani a san 'yar gidan wane ce. Uwa kan fara tara wa 'yarta tun tana goye. Ranar da ta ɓaci kuma, a zare saiti ɗaya a kai kasuwa. Asusu ne da ba ya buƙatar sa hannu. Magina ma kan lika faranti a tsakiyar rufin soro don ado, wanda ya shiga tsofaffin gidajen Zariya da Kano da Damagaram ya gani. Da farko daga Turai ake kawo kwanukan nan masu fenti, sannan daga Hong Kong, har 'yan kasuwar Hong Kong ɗin suka zo suka kafa masana'antunsu a Legas da Kano wajajen shekarun 1960. Mafi yawa furanni ne a jiki, amma akwai tire da kofuna da kwanukan da aka yi don tunawa da samun 'yancin kai ko wani babban biki, masu tuta ko hoton shugaba ko shekara. Irin waɗannan ne ya kamata a ware gefe.

Kada wani ya ji wannan ya ɗauka arziki ne kwance a ƙarƙashin gadon kakarsa. Kwanon fenti ba tangaran ɗin sarkin Rasha ba ne. Injin ne ya buga su dubu-dubu, kuma mafi yawansu kuɗinsu bai wuce na tsohon kwano ba. Amma akwai masu nema. Gidajen tarihi a Turai da Amurka suna tara atamfofin siyasar Afirka, har a 2010 wani gidan tarihi a birnin Amsterdam ya yi baje-koli na atamfofi masu hotunan shugabannin Afirka. Masu bincike a jami'o'i suna neman katin jam'iyya da tsofaffin jaridu da kalanda. Masu tara kan sarki kuwa kasuwarsu daban ce. Tsakanin farashin kilo da farashin mai nema akwai rata, kuma wanda bai sani ba shi ke asara. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami.

Me ke sa irin wannan kaya ya yi daraja? Abin da ya ɗaga farantin Rasha shi ne zai ɗaga namu. Na farko ƙaranci: abin da aka yi na ɗan lokaci aka daina, ko aka hana, ya fi wanda aka yi shekara talatin ana bugawa. Na biyu shaida a jikinsa: shekara, sunan masana'anta a bayan kwano, rubutun da ke bakin atamfa. Na uku lafiyarsa: turmin da ba a yanka ba ya fi wanda aka ɗinka, kwanon da fentinsa bai ɓare ba ya fi mai tabo. Na huɗu, wanda mu muka fi sakaci da shi, labarinsa. Zane mai hoton Kereku zane ne kawai. Amma in an san cewa wance ce ta ɗaura shi ranar da aka tara matan gari tarbar gwamna a shekara kaza, ga ma hotonta sanye da shi, to ya tashi daga tsumma ya koma shaidar tarihi. Dillalan kayan tarihi na Hausawa da ke Abijan da Lome da Kwatano, har da New York, sun daɗe da sanin cewa mai saye labari yake biya fiye da kayan.

Saboda haka ga shawarata ga masu gida da uwayen gida. Kafin a fitar da komai, a kifa shi a duba bayansa, a ɗauki hotonsa gaba da baya da waya. Kada a kankare da toka ko soson ƙarfe wai don ya yi kyau, kada a sake masa fenti, kada a wanke tsohuwar atamfa da bilic. Takardu a sa su cikin akwati nesa da damshi da gara; mu nan bakin kogi mun san abin da ambaliya ke yi wa ɗaki in ruwa ya cika. Kada a sayar wa mai saye na farko a ranar farko. In ya ce, “Hajiya, wannan ai tsohon ƙarfe ne, jaka ɗaya ma don ke ce,” amma kika ga ya ƙi tafiya, yana ta juya kwano ɗaya tak a cikin goma, to wannan ɗayan ki mayar da shi ɗaki. A tura hoton ga ɗa ko ƙane da ke birni ya tambaya a wuri biyu ko uku.

Ga mu maza kuma, magana ɗaya: kayan ɗaki na mace ne. Iyayenta suka yi mata, ko ita ta tara da kuɗin ƙuli-ƙuli da adashi. Matsin kasuwa ba ya mayar da shi naka. In ta ga dama ta taimaka, a gode mata. In ta ce a'a, a nemi wata ƙofar. In kuwa mai kayan ta rasu, na magada ne gaba ɗaya, ba na wanda ya riga kowa shiga ɗakin ba. Gidaje nawa zumuncinsu ya lalace a kan abin da aka sayar a ɓoye, kuɗin ma bai kai na buhun shinkafa ba?

Akwai kuma ɗaya gefen, na masu son shiga harkar don riba. Duk inda aka ce tsohon abu ya yi kuɗi, jabu ya riga ka isa. Farantan juyin juya halin Rasha na bogi sun cika kasuwa. Har tsohon farin faranti na ainihi mai tambarin sarki ake samowa a yi masa sabon zane, ƙwararru ma sai sun sa gilashi. Don haka in wani ya turo maka hoto a WhatsApp ya ce ga farantin Lenin ko na Mao a farashin sadaka, ka tura kafin alƙalami, ka sani cinikin biri a sama ne. Mun dai ga yadda aka yi ta yaudarar mutane da zancen wai akwai wani jan sinadari mai tsada a cikin tsohon keken ɗinki ko dutsen guga mai zakara. An fasa kekuna masu lafiya, an ci bashi, ba wanda ya taɓa nuna abin a tafin hannunsa. Ɗan kasuwa ba ya sa jarinsa a hajar da bai iya bambance mai kyau da maras kyau ba.

A kuma kula da doka. Kwanon jere da atamfar siyasa kayan gida ne. Amma abin da aka tono daga ƙasa, kamar tukwane da kawunan yumɓu na Bura a Nijar ko na Nok a Najeriya, ko kayan fada da na wuraren al'ada, wannan wata magana ce daban. Fitar da su ba izini laifi ne a ƙasashen nan uku. Benin ta yi sabuwar dokar kare kayan tarihi a 2021, shekarar da Faransa ta dawo mata da kayan masarautar Abomey guda 26 a watan Nuwamba. Kada wani ya ba ka ƙunshi ya ce ka haye masa da shi a kwale-kwale ba ka san me ke ciki ba.

Ku da ke nesa, a Kwatano ko Akara ko Jidda ko Guangzhou, akwai aikin da za ku iya yi daga inda kuke, kuma ba ya cin ko dala. In kun kira gida wannan makon, bayan an gama gaisuwa da zancen kuɗin cefane, ku ce a kai wa Inna ko Kaka waya. Ku tambaye ta: kwanon nan mai tuta, wa ya saya miki, a wace kasuwa? Zanen nan mai hoton soja, wane taro aka yi da shi, dole aka sa ku saya ko da son ranku? Ku naɗi muryarta ku adana. Waɗanda suka yi rawar Samariya a Gaya, da waɗanda suka yi faretin jan tauraro a Malanbil, yau sun manyanta, kullum kuma raguwa suke. Wata za ta ba ku labarin da daɗi, wata da ɗaci, don zamanin ya ɗaure mutane, ya kori wasu daga ƙasa, ya kuma koya wa wasu karatu. Duka biyun na jikokinku ne.

In bayan duk wannan buƙata ta tilasta a sayar, a sayar da ido buɗe, da yardar mai kaya, a farashin da aka bincika. In kuma da hali, a bar ko da kwano ɗaya da zane ɗaya a gidan, a rubuta sunan mai shi da shekara a 'yar takarda a sa a ciki.

Mai tsohon kwano ko atamfa ko kati na wancan zamani, ya turo mana hotonsa gaba da baya tare da abin da aka sani na labarinsa, za mu duba tare a wannan fili. Sai mako mai zuwa, a yi ciniki lafiya.